Baikon Masai: a tura ko a fara gyara rufi?

Malam Ishaya: Ɗaukaka ga Yesu. 'Yan'uwa, jiya bayan Misa ta biyu kwamiti ya ce in kawo maganar nan zaure, saboda rabin mutane sun riga sun watse kafin a karanta wasiƙar. Fadanmu da ke Tanzaniya, ɗan wannan ikilisiya da kuka sani tun yana yaron bagadi, ya rubuto. Inda yake aiki ƙasar Masai ce, cikin Babban Dayosis na Arusha. Suna da firamare a harabar mishan, yara mata na zuwa daga nesa da ƙafa, wasu sai sun yi tafiyar sa'a biyu. Yana so a gina masu ɗakin kwana, a kuma ɗauki nauyin waɗanda suka ci jarrabawar shiga sakandare. Bai yanka mana kuɗi ba, ya ce abin da ya sawwaƙa. Shekarar karatu a can a watan Janairu take farawa, don haka yana son amsa kafin Kirsimeti. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, amma da ladabi.

Mama Rifkatu: Girma ga Maryamu. Mu a Zumuntar Mata mun riga mun ji, mun kuma yarda. Yaron nan a hannunmu ya tashi.

Baba Dogara: Malam Ishaya, na gode. Ni ne ma'aji, ni ke riƙe da littafi, bari in faɗi abin da littafi ya ce. Rufin coci yana yoyo a wuri uku, wanda ke zama layin mata ta hagu ya sani, da damina da bokiti muke sujada. Alawus ɗin katikis na ƙauyukanmu biyu ya yi wata huɗu bai fita ba. Muna da marayu a nan unguwa da aka koro daga makaranta a zangon da ya wuce. Gida bai ƙoshi ba a kai dawa? Ban ƙi Fada ba, ni na sayi akwatin da ya tafi seminari da shi. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan karon ba karin magana nake yi ba.

Talatu: Baba, ni ce mai bokitin 😂

Danjuma: Ni tambaya ɗaya gare ni. Masai ɗin nan ba makiyaya ba ne? Bara shanu suka shiga gonar mahaifina ana saura sati biyu a yanke dawa, ba mu kwashi ko dami goma ba. Yanzu a ce in cire kuɗi daga aljihuna in tura wa makiyaya a wata ƙasa?

Katikis Bulus: Ɗana Danjuma, abin da ya sami gonarku mun sani, mun je mun gani da idonmu, kuma babu wanda zai ce maka bai yi ciwo ba. Amma yarinya 'yar shekara tara da ke tafiya da ƙafa a Tanzaniya ba ita ta kora shanun ba. Ka tuna kuma lokacin da Fadan SMA, wato ƙungiyar mishan ta Afirka, suka sauka Shendam a 1907, kuɗin da suka ci abinci da shi wasu talakawa ne a Turai suka tara, mutanen da ba su taɓa jin sunan ƙauyen kakanninmu ba.

Danjuma: Na ji, Baba Katikis. Ban ce a hana ba. Na faɗi abin da ke raina ne.

Yakubu: Me zai hana a ɗauki baikon Lahadin Mishan a tura masa kai tsaye? Ai sunansa ke nan, na mishan.

Malam Ishaya: Ba ya yiwuwa, Yakubu. Baikon nan na Lahadi ta biyun ƙarshe a Oktoba ba namu ba ne. Tun 1926 da Paparoma Pius na 11 ya kafa ranar, abin da aka tara ana miƙa shi ga dayosis, dayosis ya miƙa ga asusun mishan na Paparoma, daga can ake raba wa ƙasashe. Mu kanmu muna cikin masu karɓa. In za mu yi wani baiko na musamman sai Fadan ikilisiya ya nemi izinin Bishop.

Istifanus: Iyayena, ku yi mani haƙuri in kawo wani gefe, zai ɗan yi tsawo. A shekarun da na yi a seminari kafin in fito, an sa mu karanta labarin wani Fada ɗan Amurka, Vincent Donovan, na ƙungiyar Ruhu Mai Tsarki, wanda ya yi aiki a Loliondo, ƙasar Masai ta arewacin Tanzaniya. A watan Mayu na 1966 ya rubuta wa Bishop ɗinsa wasiƙa. Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne, mishan ɗin ya shekara bakwai, yana da makarantu huɗu, yana da asibiti, ana ɗaukar marasa lafiya a mota, ana gaisawa da dattawa ana shan madara tare, amma babu babban mutum ko ɗaya daga Masai da ke bin addinin. Yaran da aka yi wa baftisma a makaranta, da sun koma gida shi ke nan. Sai ya nemi izini ya rabu da harkar makaranta da asibiti, ya riƙa zuwa rugage da sassafe kafin shanu su fita, ya zauna da mutane ya yi masu maganar Allah kawai, ba ya ba su komai, ba ya neman komai. Aka ba shi izini, ya yi hakan shekaru.

Abin da ya dame shi shi ne makaranta ta zama ƙugiya. A ba uba ilimin ɗansa kyauta, a karɓi ɗan a musaya. To ni tambayata ke nan. Ɗakin kwanan nan da za mu gina, ba irin wannan ba ne? A ɗauke yarinya daga hannun uwarta wata tara a shekara, ta dawo ba ta iya tatsa ba, tana jin kunyar tufafin gidansu. Mun taimaka ko mun raba gida?

Mama Rifkatu: Istifanus, wannan karatu da kake yi da ka tsaya da yanzu kai ma Fada ne.

Istifanus: Mama, Allah bai nufa ba 😅

Katikis Bulus: Maganar Istifanus ba ta yarwa ba ce. Amma a duba zamani. Lokacin Donovan, in ba mishan ba da wuya a sami makaranta a wajen. Bayan shekaru kaɗan gwamnatin Nyerere, wanda shi kansa ɗan Katolika ne mai zuwa Misa kusan kullum, ta karɓe makarantun mishan, kamar yadda aka karɓe namu a nan a shekarun 1970. Yau ba wanda ke buƙatar baftisma kafin ya sami aji. Ƙugiyar ta karye tuntuni. Abin da ya rage shi ne ko makarantar tana da amfani ga yaron ko babu.

Malama Saratu: Baba Katikis ya zo inda nake jira. Na koyar shekara shida a makarantar 'ya'yan makiyaya, irin waɗanda ke ƙarƙashin hukumar da aka kafa a 1989 mai hedkwata a Kaduna. Ban taɓa zuwa Tanzaniya ba, amma makiyayi makiyayi ne, saniya ce ke tsara masa rana.

Shekarata ta farko na ɗauka iyayen ba sa son karatu. Ƙarfe takwas zan zo in tarar da benci wayam. Ashe ni ce ban san lokacin mutane ba. Yaro ya fita da maruƙa tun da asuba, yarinya tana tatsa, daga nan ta ɗauki ƙwarya zuwa kasuwa. Wata rana Arɗo ya kira ni gindin wata ɗorawa, ya ce, Malama, in na ba ki yaran nan duka da safe, ke za ki bi mani shanu? Muka mayar da aji ƙarfe huɗu na yamma. Cikin sati biyu benci ya cika, har da matan aure biyu da ke zama a baya da goyo suna koyon lissafin kuɗin nono. Da rani kuwa suka tashi suka yi kudu, aka bar ni da allo da gini. Ginin nan yana nan har yau, awaki ke kwana ciki.

Saboda haka ni in an ce gini, gabana faɗuwa yake. Gini shi ne abin da mai bayarwa ke so, don ana ɗaukar hotonsa, ana manna suna a bango. Abin da ke riƙe yaro a aji ba ya fitowa a hoto. Abincin rana ne, da malamin da ke jin yaren yaron, da yardar uba. Kafin a sayi buhun siminti ɗaya a tambayi Fada: wa ya nemi ɗakin kwanan, shi ko iyayen?

Baba Dogara: Malama Saratu ta faɗi abin da na kasa faɗa. In mun gina, wa zai ciyar da su shekara mai zuwa? Gado ba ya cin tuwo, yarinyar da ke kansa tana ci.

Hannatu: Barkanmu da dare. Yanzu na tashi daga aiki na ga saƙonni sun taru. Ina ganin a zauren nan ni kaɗai na taka wurin, lokacin da aka tura mu kwas Arusha na roƙi kwana uku na je na gaishe da Fada. Bari in faɗi abin da idona ya gani.

Daga inda kwalta ta ƙare mun yi kusan wuni a mota. Gidajensu zagaye ne da shingen ƙaya, shanu a tsakiya, ɗakuna a gefe, kuma mata ne ke gina ɗakunan da itace da laka da kashin shanu. Na shiga ɗaya, sai da na durƙusa, hayaƙi ya cika mani ido, ɗan maraƙi na kwance a lungu. Matar gidan ta ba ni shayi da madara a kofi, ta zauna tana kallon takalmina tana dariya.

Ranar Lahadi a ƙarƙashin bishiya aka yi Misa. Abin da ya ba ni mamaki, kusan duka mata ne, da jan mayafi da farantan duwatsun ado a wuya, suna waƙa suna girgiza kafaɗa. Maza 'yan kaɗan suna tsaye can baya, kowa ya dogara da sandarsa. Fada ya ce haka abin yake a wurare da yawa. 'Yan mishan na farko maza suka nema, samari suka kai makaranta, amma mata ne suka cika cocin. Allah a yarensu Enkai suke ce masa, kuma tun kafin zuwan mishan matan ne masu yawan roƙonsa safe da yamma.

Ga amsar Malama. Bayan Misa mata kamar takwas suka tsare Fada, ina tsaye. Wani katikis ya fassara mani. Maganar ɗakin kwana suke yi. Ɗaya ta ce 'yarta ta isa ajin ƙarshe na firamare, uban ya riga ya karɓi shanu a kanta, in ta ci gaba da kwana gida ba za ta ga ranar jarrabawa ba. Wata ta ce hanyar makaranta ce matsalar, akwai daji, akwai namun daji da sassafe, akwai kuma samari. Iyaye mata ne suka nema. Iyaye maza kuwa, wannan wata magana ce.

Malama Saratu: To ka ji. Na janye rabin maganata. Rabi kawai.

Talatu: Yaya Hannatu, da gaske ne suna shan jini?

Hannatu: Ana haɗa shi da madara a wasu lokuta, ga mai jego ko marar lafiya ko a biki. Ni shayi aka ba ni. Abin da na ga ana ci kullum tuwon masara ne da kunu, kamar mu.

Yakubu: Amma na karanta cewa karatu kyauta ne a Tanzaniya. In kyauta ne, kuɗin me za mu biya?

Istifanus: Haka ne, tun 2016 gwamnatin Magufuli ta cire kuɗin makaranta har aji huɗu na sakandare a makarantun gwamnati, kamar yadda Kenya ta cire na firamare a 2003 zamanin Kibaki. Amma Yakubu, mu ma a takarda firamare kyauta ce, ka tambayi Mama Rifkatu nawa take kashewa a kan jikokinta. Akwai yunifom, takalmi, katifa, sabulu, kuɗin mota, audugar mata. Ga wata matsala da ta fi kuɗi. Yaron Masai da yaren Maa ya tashi. Ya shiga firamare a koyar da shi da Swahili, yaren da watakila uwarsa ba ta ji sosai. Ya fara sabawa, a sakandare a juya komai zuwa Turanci. Tsalle biyu ke nan. Shi ya sa wata Sista 'yar ƙungiyar mishan ta Maryknoll, Mary Vertucci, ta buɗe cibiyar Emusoi a Arusha a 1999, inda 'yan matan makiyaya ke zama a shirya su kafin su shiga sakandare. Irin wannan aikin na fi yarda da shi a kan bulo.

Hannatu: Akwai kuma maganar doka. Dokar aure ta 1971 a can ta yarda a aurar da yarinya tun tana 15 in iyaye sun amince. Wata matashiya, Rebeca Gyumi, ta kai ƙara, babbar kotu ta ba ta gaskiya a 2016, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2019 cewa sai 18. Amma tsakanin kotu a Dar es Salaam da rugar da na sha shayi akwai nisa. Sannan har zuwa Nuwamba 2021 yarinyar da ta yi ciki ba ta komawa makarantar gwamnati, sai a zamanin Shugaba Samia aka ɗage haramcin. Ku lissafa yaran da suka faɗi ta wannan ramin.

Baba Dogara: Duk na ji. Amma 'yata Hannatu, ki ba ni amsa a kan uban nan da ya karɓi shanu. Mu daga nan za mu tura kuɗi a ɓoye masa 'yarsa? In wani daga wata ƙasa ya yi mani haka a kan 'yata, ba zan kira shi mai taimako ba. Gobe a ce Fada na sace yara, a kore shi, ko abin da ya fi haka.

Katikis Bulus: Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a daren nan.

Hannatu: Baba, na yi wa Fada irin tambayar nan a mota. Ya ce ba ya karɓar yarinya sai an zauna da dattawan zuriyar, da shugaban ƙauye na gwamnati, wani lokaci zama uku ko huɗu. Ya ce uban ba mugu ba ne. Fari ya kashe masa shanu, yana da samari da za su yi aure, shanun sadakin 'yar su ne za su zama sadakin ɗan. In ka ce masa ya mayar, ka ce masa ya rushe gida biyu. Wani lokaci ana shawo kan angon ya jira. Wani lokaci ba a yin nasara, yarinyar ta tafi. Ya faɗa mani sunan wata da ya rasa haka, ya yi shiru har muka wuce wani kwari.

Malama Saratu: Wannan na san shi. A ruga ma haka ne, wanda ya zo da tsawa ba ya samun yaro ko ɗaya.

Istifanus: Akwai abin da ya canza kuma, wanda ya sa na sassauta a kan tambayata ta farko. A da, in Turawan mulki sun ce kowane gida ya ba da yaro, uba ya kan zaɓi wanda bai iya kiwo ba ko ɗan matar da ba ya so, kamar yadda ake ba da labarin wasu masu sarauta a nan da suka tura 'ya'yan bayi boko suka ɓoye nasu. Wanda ya yi karatu ya sa wando har suna suke da shi na raini, ormeek, wato ya zama bare. Amma daga cikin yaran Masai da suka yi makaranta Edward Sokoine ya fito, ɗan Monduli, ya yi firaminista sau biyu kafin ya rasu a haɗarin mota a 1984. Yau kuma ƙasar kiwon ce ke tafiya. An fitar da su daga gandun dajin Serengeti a 1959 aka ce su zauna Ngorongoro. A Yuni 2022 aka shata murabba'in kilomita 1,500 a Loliondo aka hana kiwo, aka yi arangama, mutane suka tsallaka Kenya da raunuka. A shekarar aka fara kwasar iyalai daga Ngorongoro zuwa Msomera a gundumar Handeni, ɗaruruwan kilomita daga gida. Duk wannan da takarda ake yi, da taswira, da Turanci, a kotu. Waɗanda suka tsaya masu a kotu da gaban 'yan jarida 'ya'yansu ne da suka yi karatu. Dattijon da ya ɓoye ɗansa jiya, yau lauya yake nema.

Danjuma: Wannan na gane shi. Mu ma da filin makarantar ƙauyenmu ya shiga rigima, wanda ya iya karanta takardar safiyo ne ya cece mu.

Yakubu: Wai shin mu kaɗai ne Fada ya rubuta wa? Ina Turawan da suka saba?

Katikis Bulus: Waɗanda suka fara aikin sun tsufa, da yawa sun rasu. A gefen Tanzaniya 'yan Ruhu Mai Tsarki ne daga Amurka, har Bishop na farko na Arusha a 1963, Dennis Durning, nasu ne. A gefen Kenya Fadan ƙungiyar Mill Hill ne suka riƙe Ngong tun 1959, ya zama dayosis a 1976. Kowannensu yana da ikilisiyar gida da ke tara masa kuɗi, in ya je hutu ya tsaya a bagadi ya yi bayani a zuba. Asibitocin Wasso da Endulen da irin wannan kuɗin suka tashi. Yanzu masu aikin 'yan Afirka ne. Ikilisiyar gidan Fadanmu ita ce mu, da rufinmu mai yoyo. Ba shi da wata.

Baba Dogara: Katikis, ka san inda za ka taɓa ni.

Mama Rifkatu: To ku saurara, maza kun yi ta magana tun jiya. Mu ba za mu taɓa asusun coci ba, Baba Dogara ya riƙe littafinsa ya gyara rufi. Ba ma neman baiko na biyu, kada a wahalar da Bishop. Zumunta za ta yi yadda ta saba. Sista ta taɓa ba mu labarin Pauline Jaricot, 'yar Faransa da ta fara tara wa mishan kuɗi a Lyon, ta haɗa ma'aikatan masaƙa goma-goma, kowa kwabo ɗaya a sati. Da na ji na ce wannan ai adashi ne. Za mu kasu goma-goma, kowace Alhamis bayan addu'a a zuba abin da aka yanka. Mai sayar da ƙosai ta zuba, matar ma'aikaci ta zuba. Gini ba namu ba ne, ƙarfinmu bai kai ba. Yara za mu ɗauka.

Malama Saratu: Mama, in za ku ɗauka ku ɗauka har ƙarshe. Sakandare shekara huɗu ce kafin jarrabawa. Gara yara biyu shekara huɗu da yara goma shekara ɗaya. Yarinyar da aka cire daga maganar aure aka kai aji ɗaya, kuɗi ya yanke ta dawo gida, ta fi kowa shan wuya. Karatu babu, kuma ana mata kallon wadda ta kunyata ubanta.

Baba Dogara: Kuma a yi lissafi da dala ko shilin Tanzaniya, kada a yi da naira. Abin da naira ta yi tun 2023 kowa ya gani. In kun yi alkawari da naira, shekara ta uku za ku tarar rabin yarinya kuke biya wa.

Talatu: Rabin yarinya 😂😂 Baba!

Baba Dogara: Dariya kike, ni na ga an yi. Sannan kuɗin kada ya shiga asusun Fada na kansa. A tura ta asusun ƙungiyarsu ko na dayosis, a ba mu rasit. Ba don ban yarda da shi ba. Don in an canza masa wurin aiki gobe, wanda ya gaje shi ya tarar da takarda.

Istifanus: Ni kuma roƙona ɗaya. Kada a sa sharaɗin baftisma, kada a nemi hotunan yaran a riƙa yawo da su a Facebook. In yarinya ta gama ta koma rugarsu ta yi aure tana iya karanta takardar asibiti da ta fili, kada wani ya ce kuɗinmu ya faɗi.

Mama Rifkatu: Hoto ɗaya dai za mu gani, mu san wa muke wa addu'a. Ba zai fita zaure ba.

Danjuma: Marayun unguwa da Baba ya ambata fa? Kada a manta da su saboda na nesa sun fi daɗin labari.

Malam Ishaya: Ba a manta ba. Na rubuta su a ajandar Lahadi, tare da alawus ɗin katikis. Matasa, wannan naku ne, tunda mata sun ɗauki nasu.

Danjuma: To. Zan yi magana da shugaban matasa. A sa ni a rukunin adashin ma, in ana karɓar maza.

Mama Rifkatu: Ana karɓar kuɗinsu.

Maman Fada: 'Ya'yana, jikata ce ke rubuta mani. Na ji duk abin da kuka faɗa, an karanta mani tun daga farko. Dogara bai yi laifi ba, gaskiya ya faɗa. Ni dai in za ku aika, ku haɗa da yajin daddawa da kuka, ya ce can ba a samu.

Malam Ishaya: An ji, Mama. Ga abin da zan tura wa Fada gobe in sabis ya kama shi, don sai ya hau tudu yake samu. Nawa ne kuɗin yarinya ɗaya a shekara da shilin, har da mota da katifa. Yara nawa suka ci jarrabawa bana, cikinsu nawa aka gama zama da iyayensu maza. Wace makaranta za su. Wane asusu. Wa zai riƙe maganar in an ɗauke shi. In na manta wani abu a ƙara kafin ƙarfe tara.

Malama Saratu: A tambaye shi ko cikin malaman firamaren akwai mai jin Maa, musamman a aji ɗaya da biyu. Da kuma inda yaran ke zuwa lokacin hutu.

Hannatu: Akwai wata abokiyar aikina da za ta Arusha taro a Disamba. Zan tambaye ta ko jakarta na da wurin kuka.